Filatilet, Fararen Ƙwayoyin Jini da Kumburi: Binciken Rodger McEver

MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. faɗin ƙwayoyin jini iri uku da aikin kowanne;
2. bayyana abin da likitoci ke nufi da kumburi, da alamominsa;
3. bayyana yadda filatilet ke kama fararen ƙwayoyin jini, da yadda aka gano hakan;
4. danganta wannan ilimi da ciwon da ke tasar wa masu sikila;
5. auna labarin sabon magani da lissafi kafin ya gaskata shi.

1. ABIN DA KE CIKIN JINI

Jini a ido ruwa ne ja, iri ɗaya daga sama har ƙasa. Amma idan ma'aikacin ɗakin gwaji ya zuba shi a siririyar kwalba ya juya a inji, sai ya rabu gida uku. A sama akwai ruwa mai ɗan launin rawaya, wanda ya fi rabin jinin. A ƙasa akwai jajayen ƙwayoyi sun kwanta. Tsakaninsu akwai wani siririn layi fari-fari, wanda bai kai kashi 1 cikin 100 na jinin ba. A cikin wannan layin fararen ƙwayoyi da filatilet suke, kuma su ne darasinmu.

Jajayen ƙwayoyi su ke ɗauko iskar oksijin daga huhu su raba wa gaɓoɓi. Kowace takan yi kwana 120 tana wannan aiki. Idan likita ya ce jinin mutum ya yi ƙasa, ko ya ce PCV ya sauka, su yake nufi.

Fararen ƙwayoyi su ke kare jiki daga ƙwayoyin cuta. Iri biyar ne, amma biyu za mu riƙe. Nutrofil sun fi yawa, kuma su ke fara isa wurin da aka ji ciwo. Monosait sukan biyo baya, su share wurin, su taimaka ya warke.

Filatilet su ne 'yan autan jini. Ba ma cikakkun ƙwayoyi ba ne, gutsattsari ne da ke ɓallowa daga jikin wata babbar ƙwaya da ke zaune a ɓargo. Kwana 7 zuwa 10 suke yi, saboda haka ɓargon babban mutum yana fitar da sababbi kimanin biliyan 100 kowace rana. Aikin da aka san su da shi shi ne toshe rauni don jini ya tsaya.

AKWATIN MA'ANA
Filatilet: ƙananan gutsattsarin ƙwaya da ke yawo cikin jini, masu haɗuwa su toshe jijiyar da ta fashe.
Nutrofil: irin fararen ƙwayoyin jini mafi yawa, masu haɗiye ƙwayoyin cuta su kashe su.
Maikurolita: kashi 1 cikin miliyan na lita. Ɗigon ruwa guda yakan kai maikurolita 50.

Misali na 1: karanta takardar gwaji

A ɗauka wata mata ta karɓo sakamakon gwajin jininta daga asibiti. A takardar an rubuta WBC 7.0, an kuma rubuta PLT 250. WBC na nufin fararen ƙwayoyi, PLT na nufin filatilet, kuma a yawancin takardu ana ninka waɗannan lambobi sau 1,000 ne a sami adadin da ke cikin maikurolita guda. Ke nan tana da fararen ƙwayoyi 7,000 da filatilet 250,000.

Mizanin da aka saba amfani da shi ga manya shi ne farare 4,000 zuwa 11,000, filatilet kuma 150,000 zuwa 450,000. Matar tana cikin mizani ta kowane gefe. Yanzu mu raba 250,000 gida 7,000. Amsa ta kusa 36. Wato kowace farar ƙwaya guda tana yawo ne a tsakiyar filatilet wajen 36. Masu wannan kusanci da wuya a ce ba sa hulɗa.

Ga wani abu da ya shafe mu. Da yawa daga mutanen Afirka ta Yamma nutrofil ɗinsu kan zo ƙasa kaɗan da mizanin da aka tsara a Turai da Amurka, kuma lafiyarsu lau. Abin gado ne. Don haka lamba ita kaɗai ba ta yanke hukunci, sai likita ya haɗa ta da yadda ya ga mutum.

2. MENE NE KUMBURI?

A bakin likita, kumburi ya wuce tasowar fata. Shi ne duk martanin da jiki ke mayarwa idan an ji masa rauni ko ƙwayar cuta ta shige shi. Wani marubuci na daular Rum mai suna Celsus ya lissafa alamominsa huɗu tun a ƙarni na farko na miladiyya: ja, ɗumi, tasowa da zogi. Daga baya aka ƙara ta biyar, wato gaɓar ta kasa aikinta.

Kowace alama da dalilinta. Ƙananan jijiyoyin wurin suna buɗewa jini ya ƙaru, shi ya sa wurin ke yin ja da ɗumi. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu ya yi sheƙi, don haka a taɓa a ji ɗumin. Bangon jijiyoyin yana sassautawa ruwa ya tsatso, wurin ya taso. Wasu sinadarai kuma suna tsokanar jijiyoyin ji, sai zogi. Mugunyar da ke fita daga maruru, yawancinta gawarwakin nutrofil ne da suka mutu a bakin aiki.

AKWATIN MA'ANA
Kumburi: martanin jiki ga rauni ko ƙwayar cuta, wanda ke jawo jini, ruwa da fararen ƙwayoyi zuwa wurin.
Shimfiɗar jijiya: siririn layin ƙwayoyi da ya lulluɓe cikin kowace jijiyar jini, wanda jini ke gudana a kansa.

Misali na 2: saran fartanya

Manomi yana noma, fartanya ta goce ta sare shi a ƙafa. Cikin daƙiƙoƙi filatilet sun manne a bakin jijiyoyin da suka yanke, suna kiran 'yan uwansu. Cikin mintuna kaɗan zaren da ake kira fibrin ya ɗaure su, jini ya daskare. Zuwa yamma wurin ya ɗau zafi ya taso, domin nutrofil sun cika shi suna fama da ƙwayoyin cutar da ƙasa ta shigar. Bayan kwana biyu ko uku zogin ya ragu, ɓawo ya rufe ciwon.

Wannan kumburi ne mai amfani. Wanda ake gudu shi ne wanda ke ƙaruwa maimakon raguwa: jan yana yaɗuwa, mugunya na zuba, zazzaɓi ya shigo. Wannan na asibiti ne. Kuma duk saran da ƙasa ta shiga, a tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar tetanus tun ranar.

Lura da jerin abubuwan. Filatilet ne suka fara zuwa, fararen ƙwayoyi suka biyo. Shin haɗuwa ce kawai, ko na farkon ne suka kira na biyun?

3. TAMBAYAR DA TA SHEKARA ƊARI

A shekarar 1882 wani likita ɗan Italiya, Giulio Bizzozero, ya bayyana filatilet a matsayin ɓangaren jini mai zaman kansa. Ya sa madubin likita ya kalli jijiyoyin dabba mai rai, ya ɗan ji wa jijiya rauni, ya ga filatilet sun taru, ya kuma ga fararen ƙwayoyi sun maƙale a cikin tarin. An gani, amma ba a san da me suke kama juna ba.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Jini gudu yake yi, ba ya tsayawa. Farar ƙwayar da ke cikinsa ba ta da ido, ba ta da hannu. Ta yaya za ta san ta iso daidai inda ƙaya ta soki yatsa, ta ja birki, ta fita daga jijiya, alhali ba ta yin haka a sauran jiki inda lafiya lau? Shekaru ɗari bayan Bizzozero, littattafan koyon likita suna ajiye daskarewar jini a babi guda, kumburi a wani babi, kamar ba ruwan wannan da wancan.

4. ABIN DA McEVER YA GANO

Rodger McEver likitan jini ne ɗan Amurka. A farkon shekarun 1980 yana aiki a Jami'ar Texas da ke birnin San Antonio, kuma tambayarsa ƙarama ce: me ke canzawa a fatar filatilet idan ta farka? Domin filatilet hali biyu gare ta. Tana kwance, sumul take, tana wucewa ba ta kama kowa. Da zarar rauni ya tashe ta, sai ta canza siffa, ta miƙe 'yan yatsu, ta zama mai danƙo.

Kayan aikinsa wata dabara ce da Georges Köhler da César Milstein suka ƙirƙiro a Cambridge ta Ingila a 1975: samar da antibodi iri guda tak, wanda ba ya kama komai sai abu ɗaya da aka yi shi dominsa. McEver ya samar da irin waɗannan a kan filatilet na mutum, yana gwada su. A 1984 ya ba da rahoton wani da ya sa wa suna S12. Wannan antibodi kusan bai kula filatilet mai kwance ba, amma da ta farka sai ya lulluɓe ta. Ma'ana akwai wani furotin da ba ya bayyana sai bayan farkawa.

Shekara guda bayan haka, shi da abokan aiki a San Francisco suka gano maɓoyarsa. Yana ajiye ne a cikin wasu ƙananan jakunkuna a cikin filatilet. Idan ta farka, jakunkunan sukan haɗe da fatarta cikin daƙiƙoƙi, furotin ɗin ya fito fili. Suka kira shi GMP-140. A shekarar 1984 ɗin dai, wasu masu bincike mata da miji a Boston, Barbara da Bruce Furie, sun ci karo da furotin ɗin ta tasu hanyar, suka ba shi wani suna dabam. Haka bincike yake, da wuya mutum ɗaya ya cinye shi.

Shekara biyar aka yi ana riƙe da wannan furotin ba a san aikinsa ba. A ganina nan ne wurin da ya fi cancantar yabo a labarin, domin ba kowane mai ba da kuɗin bincike ne zai jure wa mutumin da ke bin abin da bai san amfaninsa ba.

McEver ya koma Gidauniyar Binciken Lafiya ta Oklahoma a 1987. A 1989 abubuwa suka warware kusan lokaci guda. Ɗakin bincikensa ya karanto tsarin furotin ɗin, aka ga ƙarshensa an gina shi ne don kama sukari irin wanda ke jikin wasu ƙwayoyi. Aka kuma gano ba filatilet kaɗai ke da shi ba, shimfiɗar jijiya ma tana ɓoye shi a nata jakunkunan. Su Furie kuma suka nuna cewa da shi filatilet ke kama nutrofil da monosait. A 1990 ƙungiyar McEver ta nuna da shi ne nutrofil ke saurin mannewa a shimfiɗar jijiyar da aka tsokana. A 1991 masana suka daidaita a kan suna guda: P-selektin.

Saura abokin kamawa. A 1992 McEver da Kevin Moore da Richard Cummings suka zaƙulo furotin da ke jikin fararen ƙwayoyi wanda P-selektin ke riƙewa. Shi ne ake kira PSGL-1.

AKWATIN MA'ANA
Furotin: sinadarin da jiki ke gina ƙwayoyinsa da kayan aikinsu da shi. Iri dubbai ne, kowanne da aikinsa.
Antibodi: furotin na garkuwar jiki mai gane abu guda ya manne masa.
P-selektin: furotin da ke fitowa a fatar filatilet da shimfiɗar jijiya idan an tsokane su, mai kama fararen ƙwayoyin jini.
PSGL-1: furotin da ke jikin fararen ƙwayoyi, wanda P-selektin ke riƙewa.

5. YADDA FARAR ƘWAYA KE TSAYAWA

Duk wanda ya ratsa gona bayan damina ya san ƙarangiya. Ba ta bin mutum, ba ta kiransa. Tana nan a tsaye, duk rigar da ta gifta sai ta kama ta. P-selektin haka yake, da bambanci ɗaya: ƙayarsa a ɓoye take, ba ta fitowa sai a wurin da aka ji ciwo. Wannan ya amsa tambayar sashe na 3. Farar ƙwaya ba ta neman wurin rauni, wurin raunin ne ke kama ta.

Abin yana tafiya mataki huɗu.

Na farko, birgima. P-selektin ya kama, ya saki, na gaba ya kama, ya saki. Ƙwayar da ke gudu sai ta koma mirginawa a hankali a jikin bango.

Na biyu, sauraro. Tana birgima tana ɗanɗanar sinadaran da shimfiɗar jijiya da filatilet ke fitarwa. Idan ba wani abin kirki, sai ta saki ta wuce.

Na uku, tsayawa cak. Idan saƙon ya yi ƙarfi, sai ta buɗe wasu furotin nata masu riƙo da gaske, ta manne.

Na huɗu, ficewa. Ta lallaɓa ta tsakanin ƙwayoyin shimfiɗa ta shiga tsoka.

Ina filatilet a nan? A wurin da rauni ya kankare shimfiɗar jijiya, su ne ke kwanciya su zama sabuwar shimfiɗa, ɗauke da P-selektin mai yawa, fararen ƙwayoyi su sauka a kansu. Suna kuma manne wa nutrofil da monosait a cikin jini su zuga su. Bincike a kan ɓeraye ya nuna wani aikin ma: bayan nutrofil ta fice, filatilet ke rufe kafar da ta bari. Shi ya sa dabbar da filatilet ɗinta suka yi ƙasa ƙwarai takan zubar da jini daidai wurin da ke da kumburi.

Da me aka tabbatar? A 1993 Tanya Mayadas, Denisa Wagner da Richard Hynes suka samar da ɓerayen da ba su da P-selektin ko kaɗan. A ƙananan jijiyoyinsu birgimar fararen ƙwayoyi ta kusa ɓacewa, kuma nutrofil suka riƙa makara wajen isa wurin kumburi. Wannan hanya ce mai kyau ta gane aikin abu: a cire shi a ga me ya lalace.

A 2003 McEver da wani injiniya mai suna Cheng Zhu suka auna ƙarfin riƙon furotin ɗaya da ɗaya, suka sami abin mamaki. Idan aka ja P-selektin da PSGL-1 da ɗan ƙarfi, maimakon su saki, riƙon daɗewa yake yi, sai jan ya wuce wani iyaka sannan ya tsinke. Ke nan gudun jinin da ya kamata ya fizge ƙwayar, shi ke taimaka mata ta kamu.

6. IDAN ABIN YA WUCE KIMA

Hulɗar ba ta gefe ɗaya ba ce. Filatilet na kiran fararen ƙwayoyi, su kuma fararen, musamman monosait, suna ɗauke da sinadarin da ke kunna daskarewar jini. Kumburi na haifar da gudan jini, gudan jini na ƙara kumburi. A ƙafar manominmu wannan alheri ne. A cikin huhu ko hanta kuwa, yana iya zama ajali.

A 2004 Volker Brinkmann da Arturo Zychlinsky a Berlin ta Jamus suka gano cewa nutrofil na iya amayar da zaren da ke cikinta ya zama taru mai kama ƙwayoyin cuta. A 2007 ɗakin binciken Paul Kubes a Jami'ar Calgary ta Kanada ya nuna cewa idan ƙwayoyin cuta suka mamaye jini, filatilet kan ji su, su manne wa nutrofil, su sa ta jefa wannan taru a ƙananan jijiyoyin hanta da huhu. Tarun yana kama ƙwayoyin cuta, amma yana raunata shimfiɗar jijiya. An ga irin wannan cakuɗuwa ta filatilet da nutrofil a jinin waɗanda korona ta kwantar a 2020.

7. SIKILA

Nan ne binciken da aka yi a Oklahoma ya iso ƙofar gidanmu. Ba ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu sikila a duniya. An ƙiyasta ana haifar jarirai wajen 150,000 da ita kowace shekara, kuma kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da AS.

Bayanin da aka daɗe ana yi shi ne jajayen ƙwayoyin mai sikila suna lanƙwashewa su yi tauri, su cushe a ƙaramar jijiya, jini ya kasa wucewa, ciwo ya tashi. Gaskiya ne, amma rabi ne. Tun 1980 Robert Hebbel a Minnesota ya nuna cewa waɗannan ƙwayoyi danƙo gare su, suna manne wa shimfiɗar jijiya. A 2002 Paul Frenette da abokan aikinsa a New York suka kalli jijiyoyin ɓeraye masu sikila da ransu. Suka ga fararen ƙwayoyi ne ke fara mannewa a bango, sannan su riƙa cafke jajayen da ke wucewa har hanya ta toshe. Ɓerayen da aka cire wa P-selektin da ɗan uwansa E-selektin sun sami kariya daga toshewar.

Wannan ya fayyace abubuwan da iyayen masu sikila suka daɗe da sani a aikace. Zazzaɓin cizon sauro ko wata ƙwayar cuta na tayar da ciwon, domin suna tsokanar shimfiɗar jijiya da filatilet da fararen ƙwayoyi gaba ɗaya. Sanyin hunturu da ƙarancin ruwa a jiki suna rage gudun jini a ƙananan jijiyoyi. Likitoci sun kuma lura cewa mai sikilar da fararen ƙwayoyinsa ke da yawa kullum ya fi fuskantar wahala. Maganin haidroksiyuriya, wanda aka gwada a kan yara a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano don kare su daga shanyewar ɓarin jiki, babban aikinsa shi ne ƙara irin jinin jarirai wanda ba ya lanƙwashewa, amma yana kuma rage yawan nutrofil da filatilet.

8. MAGANI ƊAYA, GWAJI BIYU

Idan P-selektin ne ke fara kamun, me zai hana a rufe shi? McEver na cikin waɗanda suka kafa wani ƙaramin kamfani a Oklahoma mai suna Selexys, wanda ya haɗa antibodi don wannan aiki. Sunan maganin crizanlizumab, ana ba da shi ta jijiya wata-wata.

Gwajin farko mai girma ana kiransa SUSTAIN. Jagoransa Kenneth Ataga ne, likitan da ya yi karatunsa a Jami'ar Benin ta Nijeriya kafin ya tafi Amurka. An sa masu sikila 198 daga Amurka, Brazil da Jamaika, aka bi su shekara guda. Wasu aka ba su maganin, wasu aka ba su ruwan allura marar magani, ba tare da su ko likitocinsu sun san wa ya sami wanne ba.

AKWATIN MA'ANA
Rukunin kwatanci: mutanen da ke cikin gwaji amma ba a ba su sabon maganin ba, don a auna da su ko maganin ne ya kawo canji.

Misali na 3: lissafin sakamako

A SUSTAIN, tashin ciwo a shekara ga mutum na tsakiya a rukunin kwatanci 2.98 ne. A rukunin da ya sami babban awo na maganin, 1.63 ne.

Bambanci: 2.98 a cire 1.63, saura 1.35.
A raba 1.35 da 2.98, a sami 0.45.
Wato ragin kashi 45 cikin 100.

Da wannan sakamako, wanda aka buga a 2017, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin a watan Nuwamba 2019, shekara 35 bayan S12. Tarayyar Turai ta ba da izini a 2020, bisa sharaɗin a kawo sakamakon wani gwaji.

Wannan gwaji na biyu, mai suna STAND, ya ƙunshi mutum 252. Masu karɓar maganin a awon da aka amince da shi sun sami tashin ciwon da ya kai su asibiti kimanin sau 2.5 a shekara, rukunin kwatanci kuma sau 2.3. Babu ragi. A 2023 Tarayyar Turai ta janye izininta. Hukumar Amurka ba ta bi sahu ba a lokacin. Masu binciken sun yi nuni da cewa gwajin ya faɗo a zamanin korona, kuma ya haɗa ƙasashen da al'adar zuwa asibiti ta bambanta.

A kula da kyau: gwaji na biyu bai rushe abin da McEver ya gano ba. P-selektin na nan, kuma yana kama fararen ƙwayoyi kamar yadda aka bayyana. Abin da ya shiga shakka shi ne ko rufe shi kaɗai ya isa ya hana ciwo tashi, tunda akwai wasu furotin masu kamawa ban da shi. Ko da ma ya yi aiki, kuɗinsa a Amurka a 2019 ya haura dala 80,000 a shekara ga mutum guda. Ga iyali a Gusau ko Maraɗi, abin da ke hannu ya fi ƙarfi: gwajin jini kafin aure, gidan sauro, allurar rigakafi, shan ruwa isasshe, rufe jiki da hunturu, kai yaro asibiti ranar da zazzaɓi ya fara, da tambayar likita ko haidroksiyuriya ya dace da shi.

Gargaɗi ɗaya game da asfirin. Yana rage danƙon filatilet, kuma wadda ya taɓa ba ta komawa daidai har ƙarshen kwanakinta. Shi ya sa likita kan rubuta shi ga wasu masu ciwon zuciya, shi ya sa kuma yake iya jawo zubar jini, musamman ga mai gyambon ciki. Ba maganin da mutum zai ɗora wa kansa kullum ba ne, kuma ba a ba wa yaro mai zazzaɓi.

TAMBAYOYIN BITA

A. Cike gurbi
1. Filatilet na fitowa ne daga wata babbar ƙwaya da ke cikin ________.
2. Fararen ƙwayoyin da ke fara isa wurin rauni su ne ________.
3. Furotin da ke jikin farar ƙwaya wanda P-selektin ke riƙewa shi ne ________.

B. Gaskiya ko ƙarya? Kawo dalili
4. Duk kumburi cuta ne, gara a kashe shi da wuri.
5. P-selektin yana fili a fatar filatilet ko da yaushe.
6. Jajayen ƙwayoyi kaɗai ke toshe jijiyar mai sikila.

C. Lissafi
7. Takardar gwajin wani mutum ta nuna WBC 15.0 da PLT 90. Nawa ne kowanne a maikurolita guda? Wanne ya haura mizani, wanne ya gaza?
8. A ɗauka an gwada wani magani. Rukunin kwatanci ya sami tashin ciwo sau 4 a shekara, masu shan maganin sau 3. Kashi nawa cikin 100 aka rage?

D. Bayani
9. Lissafa alamomin kumburi biyar, ka faɗi dalilin uku daga ciki.
10. Jera matakai huɗu da farar ƙwaya ke bi kafin ta fita daga jijiya.
11. Me gwajin ɓerayen 1993 ya tabbatar, kuma ta wace hanya?
12. Me ya sa zazzaɓin cizon sauro ke iya tayar wa mai sikila da ciwo?

E. Tattaunawa a aji
13. Maƙwabcinka ya ji a rediyo cewa an sami sabon maganin sikila mai rage ciwo da kusan rabi, yana shirin sayar da gonarsa. Waɗanne tambayoyi uku za ka ba shi ya yi wa likita tukuna?